Tarihin Radar Leza da Sarrafa Siginarta a Saitin Makamai

Radar leza na'ura ce da ke harba gajeren bugun haske zuwa ga wani abu, ta jira abin da zai dawo mata, sannan ta zaƙulo bayani daga cikinsa: nisan abin, saurin tafiyarsa, wani lokaci har da siffarsa. Masu safiyo da masana yanayi sun fi saninta da sunan laida. Hasken da ke dawowa kullum ɗan kaɗan ne, kuma yakan zo a cakuɗe da hasken rana, da abin da ƙura ta maido, da hayaniyar lantarkin da ke cikin na'urar kanta. Raba sahihin haske daga wannan tarkace da mayar da shi lambar da za a dogara da ita shi ake kira sarrafa sigina. Tarihin wannan fasaha a hannun sojoji ya bi matakai a jere: da farko nisa kaɗai ake samu, sai alƙibla, sai sauri, sai siffa, daga ƙarshe aka nemi na'ura ta faɗi mene ne abin da ta gani. A kowane mataki nauyin aikin yana ƙara barin ƙarfin fitila yana komawa kan lissafi.

Gadon da rada ta bari

Lissafin ya girmi leza. A watan Fabrairun 1935 Robert Watson-Watt ya nuna wa hukumomin Birtaniya a kusa da Daventry cewa igiyar rediyo tana iya tona asirin jirgin sama, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka zuba kuɗi da ƙwaƙwalwa a kan rada. Tambayar da ta addabi injiniyoyin lokacin ita ce yadda za a gane amsa-kuwwa mai rauni a cikin hayaniya. A 1943 D. O. North na kamfanin RCA ya nuna cewa mafi kyawun mataci shi ne wanda aka tsara daidai da siffar bugun da aka aika, domin shi ke ɗaga sigina sama da hayaniya fiye da kowane irin mataci. Bayan yaƙin, J. I. Marcum da Peter Swerling na cibiyar RAND suka ɗora batun a kan lissafin yiwuwa. Sun nuna cewa dole a ja wani layin iyaka: abin da ya haura layin a ɗauke shi abu ne na gaske, wanda bai kai ba a watsar. In aka sauke layin ƙasa, gargaɗin ƙarya zai yawaita. In aka ɗaga shi, abin da ake nema zai wuce ba a gan shi ba. Babu dabarar da ke kawar da waɗannan kurakurai biyu a lokaci guda, sai dai a zaɓi wanda za a fi jurewa.

Abin da rada ta kasa shi ne tsuke haskenta. Radar da ke aiki a tsawon zango na santimita 3 da faranti mai faɗin mita ɗaya, in igiyarta ta yi tafiyar kilomita 10 ta baje ta rufe fili mai faɗin kusan mita 300. Tanka da bishiya da gidan da ke gefensu duk sukan haɗu a amsa guda. Tsawon zangon leza yakan kasance kusan kashi ɗaya cikin miliyan na mita, wato ya gaza na waccan rada sau dubu 30, don haka a wannan nisa ɗigonta ba ya wuce 'yan mitoci.

Leza ta farko da awon farko

Ranar 16 ga Mayun 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu a jihar Kalifoniya, da sandar jan yakutu na haɗi. Hughes kamfanin kayan yaƙi ne, saboda haka ba a ɓata lokaci ba: a 1961 ayarin Malcolm Stitch ya haɗa na'urar awon nisa mai suna Colidar. Matsalar lezar farko ita ce haskenta yana fita a warwatse, tartsatsi bayan tartsatsi, ta yadda ba a iya sanin wanne ne ya dawo. Robert Hellwarth da Fred McClung, su ma a Hughes, suka samo hanyar tare hasken a cikin sandar har ya taru, sannan a sake shi gaba ɗaya cikin 'yan nanosakan, wato kashi-kashi na biliyan na sakan. Da wannan aka sami bugu guda mai kaifi da agogo zai iya kamawa.

A watan Mayun 1962 Louis Smullin da Giorgio Fiocco na jami'ar MIT suka harba leza zuwa duniyar wata. Hasken ya ɗauki kusan sakan biyu da rabi kafin ya je ya dawo, kuma abin da ya faɗo cikin madubinsu ƙwayoyin haske ne ƙalilan. Sun tabbatar da nasarar ne ta hanyar maimaita harbin da tara sakamakon, har sai da ya bayyana cewa ƙwayoyin sun fi taruwa a daidai lokacin da lissafi ya ce za su dawo. Wannan dabara ta tarawa ta zama ginshiƙin fannin. A 1964 ɗakin binciken Bell ya fito da lezoji biyu da suka mamaye aikin soja: ta Joseph Geusic da abokansa mai amfani da sinadarin niyodimiyam a tsawon zango na maikiromita 1.06, da ta Kumar Patel mai amfani da iskar kabon a maikiromita 10.6. Idon mutum ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Nisa: lamba guda da tankoki ke buƙata

Amfani na farko da ya shiga hannun dakaru shi ne awon nisa. Haske yana cin santimita 30 a nanosakan ɗaya. Da yake zuwa da dawowa yake yi, kowane nanosakan na jira daidai yake da santimita 15 na nisa. Abin da ke kilomita 5 amsarsa tana dawowa cikin kusan maikirosakan 33. Kafin leza, mai harbin tanka yakan kimanta nisa da madubai biyu ko da harsashin gwaji, kuma kuskuren nisa shi ne babban dalilin da harbin farko ke kauce wa abin hari. A shekarun 1970 tankokin Chieftain na Birtaniya suka sami na'urar leza ta kamfanin Barr and Stroud, tankar M60A3 ta Amurka ta fito a 1978 da lezar yakutu, M1 Abrams kuma ta biyo baya a 1980 da ta niyodimiyam. Lambar nisan tana shiga kwamfutar bindiga kai tsaye, ta haɗa ta da iska da zafi da nau'in harsashi.

Fitar da wannan lamba guda ya zo da nasa matsaloli. Na farko, amsa mai ƙarfi tana haura layin iyaka da wuri, mai rauni kuma a makare, don haka farar mota da baƙar mota da ke tsaye wuri ɗaya sai su ba da nisa daban. Maganin ya fito daga masu binciken nukiliya: a 1967 D. A. Gedcke da W. J. McDonald suka bayyana da'irar da ke tsayar da agogo a lokacin da bugu ya kai wani kaso na ƙololuwarsa, komai girmansa. Na biyu, ƙurar da ke kusa da na'ura tana maido haske mai ƙarfi nan take, shi ya sa ake rage jin na'urar a farkon jira, a riƙa ƙara shi yayin da lokaci ke tafiya. Na uku, bugu ɗaya yakan dawo da amsa biyu ko uku, daga reshen bishiya, daga abin hari, daga tudun da ke bayansa. Sai aka ba mai harbi zaɓin amsar farko ko ta ƙarshe, tare da alamar da ke sanar da shi cewa amsa ta wuce ɗaya.

Alƙibla: bam mai bin ɗigon haske

Reshe na biyu ba rada ba ce cikakkiya, domin mai aika haske daban ne da mai karɓa, amma lissafinsu ɗaya ne. Binciken ya faro a sansanin Redstone na sojan ƙasa a jihar Alabama, sannan a 1965 Kanar Joe Davis na sansanin Eglin a Fulorida ya ba injiniya Weldon Word na kamfanin Texas Instruments damar gwada shi a kan bam na yau da kullum. Sakamakon shi ne Paveway, wanda aka fara gwadawa a fagen yaƙin Biyetnam a 1968. Wani jirgi ko soja a ƙasa yana haska abin hari da leza, idon da ke hancin bam kuma yana kallon ɗigon. Idon a rabe yake gida huɗu. In ɗigon yana tsakiya, kowane gida zai sami haske daidai da ɗan'uwansa. In ya karkata, bambancin da ke tsakanin sama da ƙasa ko dama da hagu shi ke juya fukafukan bam ɗin har daidaito ya dawo.

Gadar Thanh Hoa da ke kan kogin Ma a Biyetnam ta zama shaidar wannan sauyi. Tun watan Afrilun 1965 jiragen Amurka suke kai mata ɗaruruwan hare-hare da bama-bamai marasa jagora, ana harbo musu jirage, gadar tana tsaye. Ranar 13 ga Mayun 1972 wani ayarin jiragen F-4 ɗauke da bama-baman leza ya tumɓuke wani sashenta daga kan ginshiƙinsa. Da makaman suka yawaita sai wata buƙata ta taso: in mutum biyu suna haska wurare biyu kusa da juna, ta yaya bam zai san nasa ɗigon? Aka sa kowace leza ta riƙa bugawa da tazarar lokaci ta musamman, bam kuma ya buɗe idonsa a daidai lokacin da yake sa ran bugu na gaba, ya yi watsi da sauran. Ƙasashen ƙawancen NATO sun daidaita waɗannan lambobi a tsakaninsu. Bin ɗigon leza ne ke jagorantar makami mai linzami na Hellfire, da harsashin igwa na Copperhead, da takwaransa Krasnopol na Tarayyar Sobiyet.

Sauri: aikin Firepond

Na'urorin da aka ambata ƙarfin haske kawai suke aunawa. Akwai hanya ta biyu da ke sauraron kaɗawar hasken kanta. Ana haɗa hasken da ya dawo da wani ɗan haske mai tsafta da aka ajiye a cikin na'ura. Bambancin yawan kaɗawarsu yana fitowa a matsayin siginar lantarki da za a iya aunawa. Abin da ke matsowa yana ƙara yawan kaɗawa, wanda ke nisanta yana rage shi, kamar yadda Christian Doppler ya bayyana a 1842. A nan gajartar zangon leza ta zama babbar riba. Abin da ke tafiyar mita ɗaya a sakan yana sauya kaɗawar radar santimita 3 da kusan 67 kacal a sakan, amma ta lezar kabon da kusan 189,000. Hanyar lissafi mai sauri da James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965 ta sa kwamfuta ta iya warware sigina zuwa kaɗe-kaɗen da ke cikinta ba tare da jinkiri ba.

Cibiyar Lincoln ta jami'ar MIT ta gina babbar radar leza ta wannan nau'i a Firepond, kusa da garin Westford a jihar Massachusetts. Bayan shugaba Ronald Reagan ya sanar da shirin kariya daga makamai masu linzami a Maris na 1983, tambayar da aka ɗora wa cibiyar ita ce yadda za a bambanta kan makami na gaske da balan-balan na yaudara a sararin samaniya. Abu mai juyawa yana da gefen da ke matsowa da gefen da ke nisanta, don haka in aka jera amsar bisa nisa a gefe ɗaya da sauri a ɗaya gefen, hoto yana fitowa ko da madubi ba zai iya rabe sassan abin ba. A 1990 Firepond ta ɗauki irin wannan hoto na wani tauraron ɗan'adam, da na abubuwan gwaji da aka harba daga tsibirin Wallops a jihar Bajiniya. Wannan hanya tana da nata ciwon kai. Fuskar abu mai kaushi tana sa hasken da ya dawo ya yi dabbare-dabbare, wani wuri ƙyalli wani wuri duhu, ta yadda bugu ɗaya zai dawo da ƙarfi, na bayansa ya kusa ɓacewa. Joseph Goodman ya fayyace lissafin wannan a 1965, kuma maganinsa shi ne ɗaukar matsakaicin awo da yawa.

Siffa: hoto daga ƙwayar haske guda

Daga ƙarshen shekarun 1990 hankali ya koma ga hoto mai tsawo da faɗi da zurfi. In aka auna nisan dubban wurare a jikin abu, aka san inda na'ura take da inda ta fuskanta a kowane bugu ta hanyar GPS da ma'aunin karkata, za a sami tarin ɗigo da ke zana surar abin. Matacin da Rudolf Kalman ya gabatar a 1960 shi ke haɗa waɗannan awo domin bin motsin jirgi. A cibiyar Lincoln, Brian Aull da Richard Marino da abokan aikinsu suka ƙera allon idanu masu jin ƙwayar haske guda ɗaya, kowane ido da agogonsa a bayansa. Sun fara da jeri 4 sau 4, suka kai 32 sau 32.

Ido mai irin wannan ji yana da aibi: hasken rana yana tayar da shi, zafin jikinsa ma yana tayar da shi, kuma ba ya faɗin ƙarfin abin da ya gani. Hoton bugu ɗaya kusan duk shara ne. Kwamfuta tana raba sararin da ake kallo zuwa ƙananan akwatuna, ta jefa kowane ɗigo a akwatinsa, bugu bayan bugu. Ɗigon hayaniya yana faɗawa ko'ina, na gaske kuwa yana maimaita wuri guda, don haka akwatin da ya tara da yawa shi ake riƙewa. Da wannan aka rage ƙarfin leza ƙwarai, na'ura ta yi sauƙin da ƙaramin jirgi zai ɗauka.

Shirin Jigsaw na hukumar binciken tsaron Amurka DARPA a farkon shekarun 2000 ya yi amfani da wannan wajen ganin motocin da aka ɓoye ƙarƙashin bishiyoyi. Mutumin da ya tsaya a bakin zana ɗan abu kaɗan yake hangowa ta ƙofofinta, amma in yana tafiya a gefenta sai tsakar gidan ta bayyana masa. Haka jirgi mai saukar ungulu ke wucewa yana leƙa ƙasa ta tsakanin ganye daga kusurwoyi da yawa, kwamfuta ta ɗinke guntayen, ta yanke duk ɗigon da ke saman wani tsayi, abin da ke ƙasa ya fito. Ɗinkin yana buƙatar daidaita tarin ɗigo da ɗan'uwansa, kuma hanyar da Paul Besl da Neil McKay suka wallafa a 1992 tana cikin waɗanda aka fi dogara da su. Na'urar ALIRT da ta fito daga wannan zuriya ta zana taswirar ɓarnar girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, daga baya aka kai ta Afganistan.

Gane abin hari da iyakarsa

Mataki na ƙarshe shi ne na'ura ta kwatanta surar da ta gani da samfurorin da aka ajiye mata, ta ce wannan tanka ce ko motar harba roka. Hoton leza ya fi na kyamara dacewa da wannan, domin yana ba da ainihin tsawo da faɗi da mita, kuma inuwa ko dare ba sa canja shi. Rundunar saman Amurka ta gwada ƙaramin makami mai suna LOCAAS daga shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000, wanda aka tsara ya yi shawagi shi kaɗai, ya nemi abin hari da radar leza, ya afka masa. Ba a kai ga ƙera shi da yawa ba. Tsohuwar matsalar layin iyaka ta sake bayyana a nan da nauyi mafi girma, domin gargaɗin ƙarya a wannan mataki yana nufin kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 2012 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da umarni mai lamba 3000.09 da ke neman hukuncin ɗan'adam a kan amfani da ƙarfi, kuma tun 2014 ake tattauna batun makamai masu cin gashin kansu a Janiba ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ko da mutum ne ke riƙe da hukuncin, daidaiton saiti ba ya gyara kuskuren zaɓi. Ranar 13 ga Fabrairun 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, bama-baman leza biyu daga jiragen F-117 suka faɗa daidai inda aka nufa a unguwar Amiriyya ta Bagadaza. Ginin mafakar fararen hula ne, kuma fiye da mutum 400 suka mutu, yawancinsu mata da yara.

Yanayi, ido da doka

Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya kuma nuna raunin haske. Makamai masu jagora ba su kai kashi 10 cikin ɗari na bama-baman da aka jefa ba, kuma gajimare da hayaƙin rijiyoyin mai sun sha hana leza aiki. Wannan ne ya haifar da bam mai bin GPS, wato JDAM, wanda aka fara amfani da shi a Kosobo a 1999. Ƙura ma haka take yi, shi ya sa hazon hunturu a yankin Sahel ke rage zangon duk wata na'urar leza, har da irin makaman da ke tafiya da jiragen A-29 Super Tucano guda 12 da Najeriya ta karɓa daga Amurka a 2021. Dabarar buɗe idon kyamara a daidai lokacin da amsar abin hari za ta iso tana zubar da hasken da ƙurar kusa ta maido, amma ba ta iya dawo da wanda ƙura ta riga ta cinye.

Hasken maikiromita 1.06 yana ratsawa har bayan ido ya ƙona shi ba tare da mutum ya ƙifta ba. Saboda haka na'urorin awon nisa suka koma kusa da maikiromita 1.5, wanda ruwan gaban ido ke shanyewa, kuma masana'antar wayar gilashi ta sadarwa ta samar da kayan wannan zango da araha. A watan Oktoban 1995 aka amince a Biyana da yarjejeniyar da ta haramta lezar da aka ƙera domin makantar da mutane, ta fara aiki a 1998. Ba ta haramta na'urorin awo da na nuni ba, amma ta wajabta ɗaukar matakan kare ido.

Fasahar ta daɗe da fita daga bariki. Motar Stanley ta jami'ar Stanford ta lashe gasar motoci marasa direba ta DARPA a 2005 da taimakon laida, masu binciken kayan tarihi sun gano tsoffin birane ƙarƙashin dazuzzukan Caracol a Beliz da Angkor a Kambodiya, kuma a 2020 kamfanin Apple ya sa ido mai jin ƙwayar haske guda a wayoyinsa. Yanzu kasuwar farar hula ce ke sauke farashi, sojoji suna saye daga gare ta. A fannin awon nisa, alƙibla, sauri da siffa, lissafin ya nuna ya kuma tabbata. Binciken da ake yi a yau ya fi karkata ga abu uku: gani ta cikin hazo da hayaƙi, jure wa na'urorin abokan gaba masu gano leza ko ruɗar da ita, da rage kuskure wajen gane abin hari, wanda dokar yaƙi har yanzu ta ɗora alhakinsa a wuyan kwamandan da ya ba da umarnin harbi.